Allurar rigakafin zazzabin cizon sauro: tambayoyin da iyaye suka fi yi

Tun da aka fara yi wa yara wannan allura a jihohin Kebbi da Bayelsa a watan Disamba na 2024, kusan tambayoyi iri ɗaya ne ke ta dawowa, ko a layin rigakafi, ko a gidan suna, ko a majalisar magidanta bayan la'asar. Ga su nan an tattara, an fara da masu sauƙi. Inda wata amsa ta jingina da wata, an nuna lambarta.

1. Da gaske ne an samu allurar rigakafin maleriya?

Gaskiya ne, har iri biyu ma. Ta farko ita ce RTS,S, wadda kamfanin GSK ya fara aikinta tun a shekarun 1980, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ba da shawarar a riƙa yi wa yara ita a watan Oktoba na 2021. Ta biyu ita ce R21, wadda masana a Jami'ar Oxford ta Ingila suka haɗa, kamfanin Serum Institute na Indiya ke sarrafa ta. Ita kuma ta samu amincewar hukumar a Oktoba na 2023. R21 ce ake yi a Najeriya. Hukumar NAFDAC ta amince da ita tun Afrilu na 2023, kwanaki kaɗan bayan Ghana ta zama ƙasar farko da ta yi hakan.

An daɗe ana fafutuka kafin a kai ga nan, saboda ƙwayar maleriya halitta ce mai sarƙaƙiya. Tana da ƙwayoyin gado sama da 5,000, alhali na ƙyanda ba su kai goma ba, kuma tana sauya kama sau da yawa tsakanin cikin sauro da hanta da jini. Duk inda garkuwar jiki ta gane ta, sai ta sake riga.

2. A ina ake yin ta yanzu, kuma nawa ne?

Kyauta ce a asibitocin gwamnati, cikin jerin alluran rigakafin yara da aka saba. Ƙawancen Gavi da UNICEF da gwamnati ne ke ɗaukar nauyi, hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ƙasa kuma ke rabawa. Najeriya ta karɓi kason farko a Oktoba na 2024, aka fara da jihohi biyu, da tsarin a faɗaɗa zuwa sauran jihohi daki-daki. An zaɓi Kebbi ne saboda ita ce kan gaba wajen yawan cutar: binciken maleriya na ƙasa na 2021 ya samu ƙwayar a jinin kashi 49 cikin 100 na ƙananan yaran jihar, yayin da na ƙasa baki ɗaya ya tsaya a kashi 22.

Maƙwabta da wasu ƙasashen Afirka ma sun shiga. Kamaru ce ta fara saka allurar cikin rigakafin yau da kullum a Janairu na 2024. Nijar ta ƙaddamar a Gaya, cikin jihar Dosso, a Satumba na shekarar, Chadi ta biyo a Oktoba, Sudan kuma a Nuwamba, a jihohin Gadarif da Blue Nile. Ghana kuwa tana yi tun 2019, amma a shirin share fage da ya haɗa ta da Kenya da Malawi ta fara. Hanya mafi sauri ta sanin ko ta iso ƙaramar hukumarku ita ce a tambayi mai rigakafi a asibitin sha-ka-tafi na unguwa ranar da ake allura.

3. Yaro ɗan wata nawa ake yi wa, kuma sau nawa?

Sau huɗu. A Najeriya jadawalin shi ne wata 5, wata 6, wata 7, sai ta huɗu a wata 15. Kowace allura rabin mililita ce, ana yi a cikin tsokar cinya. Tsakanin allura da allura dole a bar aƙalla mako huɗu. Wasu ƙasashe sun tsara nasu daban; a Kamaru, alal misali, wata 6, 7, 9 da 24 ne. Saboda haka iyalin da ke zirga-zirga tsakanin ƙasashe su bi jadawalin inda aka buɗe wa yaro kati, su kuma riƙa tafiya da katin.

A nan ne matsalar take. Uwa ta saba da zuwa a mako 6 da 10 da 14, sai ta huta har wata 9 ranar ƙyanda da zazzabin shawara. Yanzu an cusa mata zuwa uku a jere a cikin wancan hutun, kuma babu wanda zai bi ta gida gida kamar na shan inna. Ta huɗu ta zo daidai da allurar ƙyanda ta biyu, wadda ita ma da yawa ba sa komowa a yi. Dabarar da ke aiki mai sauƙi ce: kafin a bar asibiti a sa ma'aikaciya ta rubuta ranar komowa a kati, a kuma ɗaura ranar da wani abu da ba a mantawa, kamar ranar kasuwa ko ganin wata. Dalilin nacewa a kan ta huɗu yana a tambaya ta 5.

4. Yaya allurar take aiki a jiki?

Idan macen sauro mai ɗauke da cutar ta ciji yaro, takan zuba masa 'yan siraran ƙwayoyi ta cikin yawunta. Waɗannan ƙwayoyi sukan bi jini su nufi hanta, su shige cikinta su ɓuya na kusan mako guda. A wannan makon yaro na wasansa, babu zazzabi, amma kowace ƙwaya ɗaya tana hayayyafa zuwa dubbai. Ranar da suka fashe suka bazu cikin jini suna farfasa jajayen ƙwayoyinsa, ranar ce jiki ke ɗaukar zafi.

Allurar tana koya wa jiki gane wani furotin da ya lulluɓe ƙwayar a lokacin da ta fito daga bakin sauro, don sojojin garkuwa su tare ta kafin ta shiga hanta. Lokacin tarewar gajere ne ƙwarai, shi ya sa ake buƙatar sojojin su yi yawa a cikin jini, shi ya sa kuma ake maimaita allurar. Idan ƙwaya ɗaya tak ta tsallake ta shiga hanta, allurar ba ta da iko a kan abin da zai biyo baya, yaro na iya kwantawa. Wannan shi ne asalin amsar tambaya ta 6. Allurar kuma nau'in falsifarum kaɗai take yaƙa, wanda shi ne ya fi yawa ya kuma fi kisa a yankinmu.

5. Kashi nawa take karewa?

Ya danganta da wace allura, da yadda aka yi ta, da tsawon lokacin da aka auna. An gwada R21 a kan yara kusan 4,800 a Burkina Faso da Mali da Kenya da Tanzaniya. Inda maleriya ke zuwa da damina, aka kuma yi allurai ukun farko gab da faɗuwar ruwa, kamuwa ta ragu da kashi 75 cikin 100 a cikin wata 12. Inda aka bi watannin yaro kawai, raguwar ta kai kashi 68. Ma'ana, inda da za a kwanta sau 100, an kwanta sau 25 zuwa 32.

Kariyar tana raguwa da tafiyar lokaci. A babban gwajin RTS,S, yaran da suka samu allura huɗu sun samu raguwar kusan kashi 36 idan aka lissafa shekara huɗu cur. Waɗanda aka tsaya musu a ta uku kuwa, kariyarsu daga maleriya mai tsanani kusan ta zagwanye a lissafin dukan shekarun. Wanda ya yi uku ya bar ta huɗu ya yi ginin da bai rufe ba, ga damina tafe.

Alƙaluman da suka fi nauyi sun fito ne daga Ghana da Kenya da Malawi, inda aka yi wa yara sama da miliyan 2 RTS,S daga 2019 zuwa 2023 a asibitocin yau da kullum. Mutuwar yaran da suka isa karɓar allurar ta ragu da kashi 13, kwanciya asibiti da maleriya mai tsanani kuma da kashi 22. Wani zai ce 13 kaɗan ne. A Najeriya, ƙasar da ke ɗauke da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa a duniya, da kusan kashi 30 na masu mutuwa, rayuka ne masu yawan gaske.

6. An yi wa ɗana allura uku amma ya yi zazzabi. Ba ta aiki ke nan?

Abu biyu ne. Na farko, ba kowane zazzabi ne maleriya ba: ciwon kunne, ciwon maƙogwaro, namoniya, taifod da ciwon mafitsara duk suna zuwa da zafin jiki. Na biyu, ko maleriyar ce, allurar rage yawan kamuwa take yi, kamar yadda aka bayyana a tambaya ta 4 da ta 5. Yaron da da zai kwanta sau huɗu a damina ya kwanta sau ɗaya, allura ta yi aikinta, sai dai uwa ba ta ga ukun da ba su zo ba.

Hatsarin da ya fi girma shi ne iyaye su ce ai an yi masa rigakafi, su yi ta ba shi farasitamol kwana uku suna jira. Duk yaron da jikinsa ya yi zafi a gwada jininsa cikin awa 24, da allura ko babu. Duba tambaya ta 15.

7. To a ci gaba da kwana cikin gidan sauro?

Kowane dare, rani da damina. Allura tana aiki ne bayan cizo. Gidan sauro yana hana cizon. Idan sabo ne, a shanya shi a inuwa awa 24 kafin a kwana ciki, don kada maganin ya sa ƙaiƙayin fuska. A cusa bakinsa ƙarƙashin katifa ko tabarma ta kowane gefe. A wanke shi da sabulu mara ƙarfi, ba da omo ba, a shanya a inuwa, domin rana tana kashe maganin. An yi shi ya jure wanki kusan 20, ya yi shekara uku. Idan ya huje, allura da zare sun wadatar.

Sauro a wurare da yawa ya saba da tsohon maganin da ake sa wa gidan sauro. Shi ya sa a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar sababbi masu magani iri biyu a haɗe, kuma irinsu ne ake ƙara rabawa. A ido kusan ɗaya suke da tsofaffin, amma idan an raba sabo a rataya shi, kada a ajiye a akwati ana jiran tsohon ya ƙare, balle a kewaye lambu da shi.

8. Maganin da ake bi gida gida ana ba yara da damina fa, a daina?

A'a, su biyun tare sun fi kowanne shi kaɗai. Wannan magani na yara 'yan wata 3 zuwa wata 59 ne, ana ba da shi duk bayan kwana 28, zagaye huɗu ko biyar. Kowane zagaye kwana uku ne: ranar farko mai rabo zai ba yaro ƙwaya biyu a gabansa, ya bar wa uwa ƙwaya ɗaya ta rana ta biyu da ɗaya ta rana ta uku. Waɗannan biyun ne ake yawan mantawa ko a ajiye wa wani yaro, kuma idan ba a sha su ba kariyar ba ta kai ƙarshen wata. Idan yaro ya yi amai cikin minti 30 da sha, a sanar da mai rabo a sake ba shi.

Wani gwaji a Burkina Faso da Mali da aka fitar da sakamakonsa a 2021 ya haɗa allurar RTS,S da wannan magani. Kamuwa ta ragu da kusan kashi 60, kwanciya asibiti da mutuwa kuma da kusan kashi 70, idan aka kwatanta da yaran da suka samu ɗaya kawai. Yanayin damina a can irin na Sakkwato da Katsina da Maraɗi ne.

9. Me ke cikin kwalbar? Akwai ƙwayar cutar a ciki?

Babu ƙwayar maleriya a ciki, mai rai ko matacciya, don haka allurar ba za ta iya sa wa yaro cutar ba. Abin da ke ciki wani yanki ne na furotin ɗin da aka ambata a tambaya ta 4, an manne shi da furotin ɗin ɓawon ƙwayar ciwon hanta nau'in B, irin wanda aka daɗe ana amfani da shi a rigakafin ciwon hanta. Ana samar da shi ta hanyar yis. Sai kuma sinadarin da ke zaburar da garkuwar jiki. Na R21 sunansa Matrix-M, kamfanin Novavax ne ya haɗa shi daga ɓawon wata bishiya da ke fitowa a ƙasar Chile. Kowace allurar R21 ta yara tana ɗauke da maikurogiram 5 na furotin da 50 na sinadarin.

Kada wannan ya sa a ɗauka ta maye gurbin rigakafin ciwon hanta. Ta ranar haihuwa da alluran mako 6, 10 da 14 suna nan yadda suke.

10. Waɗanne illoli ake gani, kuma me za a yi?

Mafi yawa zafin jiki ne na kwana ɗaya ko biyu, da ciwo ko ɗan kumburi a cinya, da rigima. A ci gaba da ba da nono sosai, a rage masa kaya. Idan zafin ya dame shi a ba shi farasitamol gwargwadon nauyi: miligiram 10 zuwa 15 a kowane kilo, duk awa shida, kada ya wuce sau huɗu a yini da kwana. Yaro mai kilo 7 zai sha mililita 3 zuwa 4 na ruwan magani mai ƙarfin miligiram 120 a mililita 5. A auna da sirinji ko murfin awo, domin cokulan gida ba girmansu ɗaya ba. Kada a ba yaro asfirin. Kada a murza wurin allurar, kada a shafa masa man zafi ko a gasa da ruwan zafi. Tsumma mai tsabta da ruwan sanyi ya isa.

Kaɗan daga cikin yara zafin jikin kan kai su ga jijjiga a 'yan kwanakin farko. Idan ta faru a kwantar da yaro a gefensa, kada a tura masa cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura masa ruwa ko manja ko wani jiƙo, a kai shi asibiti. Haka nan idan fuska ta kumbura ko numfashi ya yi wuya jim kaɗan bayan allura. Wannan ba kasafai yake faruwa ba, kuma saboda shi ne ake cewa a ɗan zauna a asibiti kafin a tafi. Zazzabin da ya wuce kwana biyu kuwa kada a ɗora wa allura laifi, a je a yi gwaji.

11. Mun tsallake wata. Sai an sake daga farko?

Ba a sakewa. Ana ɗorawa daga inda aka tsaya, ko da jinkirin ya yi watanni, muddin an bar mako huɗu tsakanin allura da allura. Idan kati ya ɓata, a koma asibitin da aka fara, sunan yaro yana cikin rajistarsu. Yaron da ya wuce wata 5 ba a fara masa ba a kai shi hakanan. Ma'aikaci zai duba watanninsa ya faɗa ko yana cikin waɗanda ake farawa.

12. Yaro na mura, ko yana da tamowa, ko sikila. A yi masa?

Mura, tari mara tsanani, ko ɗan gudawa ba sa hana allura. Zazzabi mai zafi ne ke sa a ɗaga, a yi magani, a dawo. Yaro mai tamowa ko mai ɗauke da ƙwayar HIV ana yi masa, su ne ma maleriya ta fi yi wa illa. Mai sikila shi ma ya fi kowa buƙatar kariya, sai dai allurar ba ta ɗauke masa magungunan da likitansa ya ɗora shi a kai ba. Wanda ba a yi wa shi ne yaron da jikinsa ya taɓa yin mummunan bore bayan allurar maleriya ta baya ko ta ciwon hanta. Ana iya yin ta rana ɗaya da ta ƙyanda ko wata, kowace da sirinjinta da wurinta.

13. Ba gwaji ake yi a kan 'ya'yanmu ba? Ba ta hana haihuwa?

Tambayar tana da tushe, bai kamata a yi wa mai yin ta dariya ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya ƙunshi yara kusan 200. Yara 11 suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a kafin a sasanta da gwamnatin jihar a 2009. Wannan tabo yana cikin abin da ya haifar da ƙauracewa rigakafin shan inna a 2003.

Lamarin wannan allura ya bambanta ta fuskokin da kowa zai iya dubawa. An gama gwaje-gwajenta an wallafa sakamakon kafin ta iso Najeriya. Ghana da Kenya da Malawi sun yi shekara huɗu suna yi wa miliyoyin yara irinta ana bibiyar lafiyarsu. Abin da ke cikin kwalbar sananne ne, yana a tambaya ta 9, babu wani sinadari da ya shafi haihuwa. Irin wannan zargi aka yi wa ɗigon shan inna, ga shi yaran da aka ɗiga wa a wancan lokaci yau su ne ke kawo nasu 'ya'yan layin rigakafi. Abin da aka tabbatar yana jawo ɓari da haihuwar jariri mara nauyi shi ne maleriya a jikin mai ciki.

14. Manya fa, da masu juna biyu, da jariran da ba su kai wata 5 ba?

Ba a yi musu wannan allura. An fara da ƙanana ne domin kusan kashi uku cikin huɗu na masu mutuwa da maleriya a Afirka yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Babban da ya tashi a yankin ya riga ya samu 'yar garkuwa daga yawan kamuwa. Mai ciki kariyarta gidan sauro ne da ƙwayar SP, wadda aka fi sani da Fansidar, da ake ba ta wurin awo daga mako na 13, wata-wata, aƙalla sau uku kafin haihuwa.

Jarirai kuwa an samu ci gaba ta ɓangaren magani. A Yuli na 2025 hukumar magunguna ta Suwizalan ta amince da Coartem Baby, wanda aka auna musamman don jarirai masu nauyin kilo 2 zuwa ƙasa da 5, kuma Najeriya na cikin ƙasashen Afirka takwas da suka shiga aikin tantance shi. Yana narkewa har a cikin ruwan nono. Kafin shi sai dai a rage na manyan yara, abin da ke da hatsari domin hantar jariri ba ta gama ƙwari ba. Jaririn da bai kai wata biyu ba ya yi zazzabi, asibiti kai tsaye, ba kemis ba.

15. Gwaji ya nuna maleriya a yaron da aka yi wa allura. Maganin ya sauya?

Bai sauya ba. Gwajin gaggawa na ɗigon jini yana ba da amsa cikin minti 15 zuwa 20: layi biyu akwai, layi ɗaya babu. Idan layin tabbatarwa bai fito ba, gwajin ya lalace, a sake. A sani kuma yana iya ci gaba da nuna layi biyu har makonni bayan an warke, don haka yaron da ya sha magani kwanan nan a faɗa wa ma'aikaci.

Maganin da aka fi bayarwa, irin su Coartem, sha shida ne cikin kwana uku: yanzu, bayan awa takwas, sannan safe da yamma na kwana biyu. Yaro mai kilo 5 zuwa ƙasa da 15 ƙwaya ɗaya yake sha kowane lokaci. A haɗa da nono ko madara ko abinci mai maiƙo, domin sai da mai jiki ke tsotse shi da kyau. Kuskuren da aka fi yi shi ne tsayawa a rana ta biyu don jiki ya yi sanyi; ragowar ƙwayoyin sai su farfaɗo bayan mako biyu ko uku. Idan yaro ya kasa shan nono, yana amayar da komai, yana jijjiga, ya galabaita ba ya gane mutane, tafin hannunsa ya yi fari fat, ko fitsarinsa ya koma kamar baƙin shayi, wannan ya wuce ƙwaya. Allurar atesunet yake buƙata a asibiti, wani lokaci har da ƙarin jini.

16. Me ke lalata allurar kafin ta kai ga yaro?

Zafi da daskarewa. Wurin ajiyarta tsakanin digiri 2 ne zuwa 8. Kowa ya san matsalar zafi inda babu wuta, shi ya sa firjin sola ya zama ƙashin bayan rigakafi a karkara. Daskarewa ce ake rainawa: ma'aikaci ya ciro ƙanƙara daga firiza ya jera kwalabe a jikinta kai tsaye, allura ta daskare ta lalace, kuma a ido ba za a gane ba. Ƙa'ida ita ce a bar fakitin ƙanƙarar a waje har sai an girgiza an ji ruwa na motsi a ciki, sannan a saka a akwatin sanyi.

A jikin kwalba akwai 'yar alama, da'ira da ɗan murabba'i a tsakiyarta. Muddin murabba'in ya fi da'irar haske, zafi bai ci allurar ba. Idan launinsu ya zo ɗaya ko ya fi ta duhu, sai zubarwa. Uwa tana da damar ta ce a nuna mata. RTS,S kuma kwalba biyu ce a manne, gari da ruwa, ana haɗa su a samu allurar yara biyu, abin da ya rage bayan awa shida a zubar. R21 ruwa ce a shirye, ba a haɗa ta da komai.

17. Tsakanin RTS,S da R21 wacce ta fi?

Ba a kammala gwajin da ya kara su kai da kai a wuri ɗaya ba kafin a amince da su, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta fifita ɗaya ba. Alƙaluman tambaya ta 5 an samo su a wurare da lokuta daban, kwatanta su kai tsaye kuskure ne. Bambancin da ke a fili na kuɗi ne da yawa. RTS,S ta fara da kusan Yuro 9 kowace allura, kuma miliyan 18 kacal aka samu aka raba wa ƙasashe 12 daga 2023 zuwa 2025. R21 ba ta kai Dala 4 ba, kamfanin da ke yin ta kuma ya ce yana iya fitar da miliyan 100 a shekara. Ga ƙasa mai yawan haihuwa irin Najeriya, wannan ne ya yanke hukunci. An fi so yaro ya ƙare da irin da ya fara, amma idan ya koma inda ɗayar ce kawai, a ƙarasa masa da ita.

18. Wannan allura za ta kawar da maleriya gaba ɗaya?

Ita kaɗai ba za ta iya ba, tunda manya da yara masu tasowa suna ci gaba da ɗaukar ƙwayar sauro na kwasa. Ƙasashen Afirka da aka tabbatar sun rabu da cutar a 'yan shekarun nan, Kef Bad a Janairu na 2024 da Masar a Oktoba na shekarar, sun kai ga haka ne da yaƙin sauro da gwaji da bin diddigin kowane mai zazzabi na shekaru masu yawa.

Ana kan gwada wasu hanyoyin: wata allura mai yaƙar ƙwayar bayan ta fito daga hanta, wadda aka gwada a Burkina Faso, da allurar sojojin garkuwa haɗaɗɗu da ake yi sau ɗaya kafin damina, wadda aka gwada a Mali. A ɗaya gefen kuma akwai abubuwa biyu masu tayar da hankali. An tabbatar ƙwayar ta fara jure wa sinadarin atemisinin, ginshiƙin magunguna irin su Coartem, a Ruwanda da Yuganda da Eritiriya da Tanzaniya, kuma shan rabin magani da jabu na cikin abin da ke rura wannan. Sannan wani sauro ɗan asalin Asiya da ya ɓulla a Jibuti a 2012 an gan shi a jihar Gombe a 2020. Shi ba ya jiran damina ko kududdufi. A tankin ruwa da durom da randar da aka bari a buɗe yake ƙwai, cikin tsakiyar gari.